Kwali Shida Marasa Lamba

Akwai wani dattijo a wani kamfanin jigilar kaya, kowa Baba Kundi yake ce masa. Shi ne mai raba wa motoci kaya: wannan ta ɗauki kaza ta yi gabas, waccan ta ɗauki kaza ta yi arewa. Shekararsa ashirin da bakwai a kan wannan aiki, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya.

In ka tambaye shi ina kwalin da aka kawo shekaranjiya, ba ya buɗe littafi. Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Yana nan." Daga nan sunan ya samo asali.

To, lokacin da motocin kamfanin huɗu ne, wannan goshi ya wadatar. Yanzu motoci goma sha ɗaya ne, shi kuwa goshin yana nan yadda Allah ya halicce shi, bai ƙara faɗi ba.

Ga kuma wata masifar. Masu sito littafinsu daban. 'Yan ofis kwamfutarsu daban. Direbobi kuwa sai saƙon murya, kowa ya yi ta zuba kamar gidan rediyo. Mai kaya zai kira ya tambayi kayansa, ofis su ce ya tafi, sito su ce yana nan, direba ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Akwai wani firji da ya yi kwana tara yana yawo a bayan mota, ya ga garuruwan da mai shi bai taɓa zuwa ba.

Da abin ya ishi mai kamfani, sai ya ɗauko wata mata masaniyar kwamfuta, sa'ar 'yar Baba Kundi ta biyu. Ba a yi kwana uku ba kowa ya koma kiranta Injiniya.

Abin da ta kawo ba wani dogon labari ba ne. Kowane kwali a manna masa takarda mai lamba. In za a sa shi a mota, a haska lambar da waya. Kafin a rufe ƙofar mota, a ɗauki hoton cikinta. Kowace mota kuma an maƙala mata na'urar da ke nuna inda take. Duk wannan ya taru wuri ɗaya, yadda sito da ofis da direba za su duba su ga abu guda.

Baba Kundi ya saurara har ta gama, sannan ya yi tsaki.

"Hoto kuma? Jigila muke yi ko gidan hoto muka buɗe?"

"Baba, daƙiƙa biyu ne fa."

"'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake tura mota. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Wayar da aka ba shi ta aiki, ya jefa ta a durowa tare da tsofaffin makullai da wata cajar da ta mutu. Tana ƙara, ya ƙara tura durowar da gwiwa.

Wata biyu aka yi ana wannan fama. Injiniya ta lallaɓa, ta roƙa, ta zana masa a takarda, ta sake zanawa. In ta fita daga ofishinsa sai ka gan ta ta tsaya a baranda ta riƙe ƙugu tana kallon sama, tana ajiyar zuciya. Shi ma a nasa ɓangaren ji yake an ishe shi. Da in ya shigo haraba, kowa shi yake nema. Yanzu sai ya ga mutane sun sunkuyar da kai a kan waya suna samun amsa ba tare da sun tambaye shi ba. Abin yana masa ciwo, ba ya dai faɗa ne.

A kamfanin akwai wata ɗabi'a tun ta dauri, wadda suke kira kayan alfarma. In ma'aikaci yana da ɗan saƙon gida, sai a cusa masa a motar da za ta bi ta hanyar. Ba a rubutawa, ba a tambaya, wanda ya gani ya yi kamar bai gani ba. Mai kamfani ya sani, bai taɓa hanawa ba.

Injiniya ma ba ta ce a daina ba. Abu ɗaya ta roƙa: "A ci gaba da ɗauka kyauta, amma don Allah a manna lamba, a haska. Don mu san inda yake ne kawai."

Kowa ya ce to, ban da mutum ɗaya. Kun san ko waye.

Baba Kundi yana da yaya mace, wadda ita ta riƙe shi tun mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida. Har yau, da furfurarsa da jikokinsa, Auta take ce masa. Ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa, da ta ajiye aiki sai ta ce kiwon kaji za ta yi. Wata bakwai ta yi tana gina ɗakin kajin a bayan gidanta, bulo bayan bulo. Da ya kammala, ta yi odar 'yan tsaki ɗari shida, 'yan kwana ɗaya, daga wata gona da ke kusa da kamfanin.

Ta kira shi ta ce, "Auta, in nemi mai mota ne, ko za ka iya?"

Ransa ya ɗan ɓaci. "Haba Yaya! Ina da mota goma sha ɗaya a hannuna ki nemi baƙo? Ki bar mini."

"Ka san fa ba sa jure zafi. An ce in suka yi awa uku a rufe, an gama."

"Yaya, na ce ki bar mini."

Ranar da aka kawo su, ƙarfe shida da rabi na safe, kwali shida ne masu ƙananan huji, sai tsiw-tsiw kake ji. Da hannunsa ya jera su a motar da ake kira Lamba Huɗu, wadda ke bi ta garin Yaya. Ya sa su dab da ƙofa, inda iska ke shiga. Direban bai iso ba tukuna, sai ya ce a ransa in ya zo ya yi masa bayani.

Sai ga Injiniya da takardun lamba a hannu.

"Baba, ina kwana. Masha Allah, na Yaya ne? Bari in manna musu."

Ya tare ta da hannu. "Kul! Kayan yayata ne. Matar da ta goya ni, in manna wa kayanta lamba kamar na wani baƙo? Wannan ai cin fuska ne."

"Baba, rai ne fa a ciki. Su suka fi kowane kaya buƙatar lamba."

Ya ƙwanƙwasa goshi. "Suna nan."

Ta juya ta tafi tana girgiza kai.

Shi kuwa maganar ta tunzura shi. Ya zaro wata takarda da ya daɗe yana tara ƙorafi a kanta, ya haye sama ofishin mai kamfani. Minti arba'in da biyar ya yi yana zazzaga bayani a kan yadda wayoyin nan suka lalata aiki, suka cire albarka, suka sa yara raina manya. Mai kamfani yana ta duba agogo, shi yana ta juya shafi.

To, yana can sama yana wa'azi, ga abin da ke faruwa a ƙasa.

Direban Lamba Huɗu ya zo ya tayar da mota, sai ga mai yana zuba ƙarƙashinta. Shugaban 'yan lodi, wani da ake kira Dogo, ya ce a sauke kayan a raba wa motoci uku: Lamba Biyu, Lamba Bakwai da Lamba Tara. Shi kuma ya tafi neman makaniki.

'Yan dakon suka riƙa haska kwali, waya tana gaya musu motar da za a sa shi. Cikin minti ashirin an gama, saura kwali shida marasa lamba. Aka haska, babu abin haskawa. Kowa ya gane kayan alfarma ne, kuma kayan alfarma ba a tambaya. Wani a cikinsu ya ga ɗan sarari a wata mota, ya tura su can ciki, aka jera wasu kaya a gabansu, aka rufe. Su 'yan dakon na haya ne, suna gamawa suka watse kasuwa neman wani aikin.

Injiniya ta aika wa duk manyan ma'aikata saƙo cewa Lamba Huɗu ta lalace, an raba kayanta. Saƙon ya isa wayar Baba Kundi lafiya lau. Tana cikin durowa.

Ya sauko yana huci, ya ga wurin Lamba Huɗu wayam, don an ja ta zuwa gareji. Sai ya ɗauka ta kama hanya. Ga ƙaton allo a bangon ofis yana nuna ta da jan rubutu, amma mutumin da ya yi rantsuwa ba zai kalli allo ba, ina zai gani? Ya ɗauki tsohuwar wayarsa ya kira Yaya: "Sun taso. Ƙarfe goma suna hannunki."

Ƙarfe goma ta yi. Goma da rabi ta yi. Sha ɗaya saura kwata Yaya ta kira.

"Auta, tun ɗazu ina bakin titi. Shiru fa."

Ya kira direban Lamba Huɗu yana shirin zazzaga masa masifa.

"Kai, ina ka tsaya?"

"Baba, ai ina gareji tun safe. Ba ka ga saƙo ba?"

"Gareji? 'Yan tsakin fa?"

"Waɗanne 'yan tsaki?"

Innalillahi! Nan take gumi ya karyo masa. Ya leƙa waje, rana ta take, kwalta har wani ƙyalli take yi. Ya nemi Dogo, Dogo ya ce shi yana wurin makaniki lokacin, bai ga inda aka sa su ba. Ya kira direban Lamba Biyu, babu sabis. Na Lamba Tara ya ɗauka ya ce shi an rufe masa mota an ba shi takarda, kuma a takardar babu kaji. Na Lamba Bakwai, wanda ake wa laƙabi da Mai Rediyo saboda yadda yake ƙure muryar rediyo in yana tuƙi, wayarsa ta yi ta ƙara har ta gaji.

Baba Kundi ya ƙwanƙwasa goshi, yau babu komai a ciki. Abin da bai gani ba, ina zai tuna shi?

Ya tsaya a ƙofar ofishin Injiniya ya fi minti ɗaya kafin ya iya tura ta. Girman kai rawanin tsiya ne, amma cire shi ma aiki ne.

"'Yar nan... ki duba mini a abin naki. 'Yan tsakin Yaya."

Ta ɗago ta kalle shi, ta dafe kai da hannu biyu.

"Baba! Me zan duba? Ga kwali ɗari uku da sittin da biyu da suka fita yau, kowanne zan iya gaya maka motar da yake da titin da take kai yanzu. Har bokitin fenti na san inda yake. Abu shida ne kawai a duniyar nan ban san inda suke ba, kuma su ne masu numfashi!"

Wallahi da wata ce, da ta rama wata biyun nan a wannan minti. Ita kuwa ta ja dogon numfashi, ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baba. Lamba babu, amma akwai hoto."

Hoton nan dai da ya yi wa dariya. Ta buɗe na Lamba Biyu, suka ƙura ido, babu. Na Lamba Tara, babu. Ta buɗe na Lamba Bakwai ta ƙara girmansa, ta sake ƙarawa. Can ƙurya, bayan jerin bokitan fenti, ga gefen wani kwali mai ƙananan huji.

"Su ne!" Baba Kundi ya nuna kwalin da yatsa. "Can ciki aka sa su? Inda babu iska?"

Ta duba taswira. Wani ɗan ɗigo shuɗi yana tafiya a hankali, kuma ba wajen garin Yaya ya nufa ba, ya yi arewa abinsa. Ta kira Mai Rediyo sau uku, a banza.

"To shi ke nan," Baba Kundi ya ce, ya zare hula ya ajiye a gwiwa.

"Ba shi ke nan ba. In ba a samu direba ba, ai an san inda za shi." Ta nuna allo. "Nan da minti goma sha biyu zai sauke kaya a wani shagon fenti. Ga lambar mai shagon."

Ta kira. Mutumin kirki ne, tana gama bayani ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Yanzu zan fita bakin titi in tsaya masa."

Minti goma sha biyun nan, Baba Kundi bai ɗauke ido daga allon ba. Ɗigon ya tsaya a wata mahaɗa, ya ce, "Me ya tsayar da shi kuma?" Ɗigon ya motsa, ya ce, "Yauwa, taka mana, bawan Allah!" Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, Yaya ce, ya kasa ɗauka.

Da mai shagon ya sake kira, ba sai an tambaye shi ba, muryarsa ta faɗa.

"Mun fito da su. Wasu suna motsi, wasu ba sa yi. Na kunna musu fanka, matata tana ba su ruwa. Amma ku zo da wuri."

Baba Kundi ya karɓi makullin ƙaramar motar kamfani ya tafi da kansa. A ƙasan shagon ya durƙusa, shi da mai fenti da matarsa da Mai Rediyo da ya kashe rediyonsa yau dole, suna ware masu rai daga matattu. Ɗari biyu da goma sha huɗu sun mutu. Mai shagon ya ce da an ƙara rabin awa, da ko ɗaya ba a tsira da shi ba.

Sai bayan la'asar ya isa gidan Yaya. Ya tarar ta share ɗakin kajin tas, ta shimfiɗa dusar katako, ta jera mazuban ruwa tun safe har ruwan ya yi ɗumi ta sake wani. Suka sauke masu ran a hankali. Ɗakin da aka gina don ɗari shida, sai ga sama da kashi ɗaya cikin ukunsa fili.

Ya gaya mata komai, bai ɓoye ba. Har da takardar lambar da ya hana a manna.

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki wani ɗan tsako da ke layi, ta tsoma bakinsa a ruwa, sannan ta ce:

"Auta, wato bokitin fentin baƙo kun san inda yake, minti bayan minti?"

"E, Yaya."

"Ni kuma saboda ka girmama ni, ka bar nawa ba a san inda yake ba."

Ya sunkuyar da kai.

"To, don Allah, nan gaba ka riƙa ɗaukata baƙuwa."

Dattijon nan mai jikoki biyar ya tsaya a ɗakin kaji yana share hawaye da bakin hula.

Washegari tun kafin 'yan ofis su zo, Injiniya ta tarar da shi a ƙofarta. A hannunsa wayar aikin ce, duk ƙura, ko ɗigon caji babu. Ya ajiye mata a tebur, ya yi gyaran murya sau biyu.

"'Yata, ki yafe mini. Ki koya mini abin nan." Ya ɗan waiga ya tabbatar babu kowa, sannan ya rage murya. "Amma ki ƙara girman rubutun. Tun ranar farko ban ga komai a ciki ba."

Ta kalle shi baki buɗe. "Baba! Wata biyu! Wata biyu muna wannan yaƙi a kan abin da zan gyara cikin daƙiƙa biyar?"

Ta sa wayar a caji, ta danna sau uku, ta miƙa masa. Ya kalla, ya matsar da ita nesa, ya matso da ita kusa.

"Au! Ashe Lamba Huɗu aka rubuta a nan."

Bayan mako uku ya yi odar 'yan tsaki ɗari biyu da goma sha huɗu daga gonar nan. Kwali uku aka kawo. Ya karɓi takardun lamba ya manna wa kowanne da hannunsa, har da dannawa da tafin hannu kada ta ɓalle. Ya haska, ya ɗauki hoto, sannan ya shiga ofis ya ja kujera gaban allo. Bai tashi ba, ko shayinsa bai sha ba, sai da ɗigon ya tsaya a ƙofar gidan Yaya.

Darasi: Abin da ka fi so shi ya fi cancanta ka rubuta, ka sa masa alama, ka bar wasu su san inda yake. Duk ƙwarewarka, kanka ɗaya ne, kuma ba ya ganin abin da ya faru ba ka nan. In sito da ofis da direba ba sa duba bayani ɗaya, wata rana mai rai ne zai biya. Kuma in akwai abin da ba ka gane ba, ka faɗa tun da wuri, domin tambayar daƙiƙa biyar ta fi nadamar shekara. Kowace ma'aikata tana da nata Baba Kundin. Ku tura wa naku wannan labari, ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, tun kafin nasu kwalin ya ɓace.